Talata a garke

Yau ma an yi mana awon ƙwarewa a garke, mu ɗaliban kiwon lafiyar dabbobi, kamar kowace Talata tun farkon zango. Malam na tsaye da takardarsa, kowa ya kama dabba ɗaya: ka ɗauki zafin jikinta, ka buɗe fatar ido ka ga ko jini ya ragu, ka saurari motsin tumbi a kwiɓin hagu, sannan ka ja jini daga jijiyar wuya. Ni jar akuya ta faɗo mani, irin tamu ta Maraɗi, mai sanyin hali. Zafinta 39, lafiya lau. Na danna gindin wuya da babban yatsa, jijiya ta taso, allura ta shiga.

Wanda ke biye da ni bunsuru ya samu, sai tsalle da tunkuyi. Ya fito gumi sharkaf, maki kaɗan.

Da rana gardama ta kaure a gindin dogon yaro. Mai bunsurun cewa yake wannan awo na kowane mako zalunci ne, makinka na hannun dabbar da rabo ya ba ka. Wata 'yar ajinmu ta ce ita ta fi son haka da jarrabawar wuni guda a ƙarshen shekara, don malam yana gyara maka riƙon allura nan take, mako na gaba kuma ka rama.

Ina bayanta. Idan aka fita rigakafin shekara-shekara na ciwon huhun shanu da annobar awaki da tumaki, wadda duniya ke son kawarwa nan da 2030, makiyayi hannunka yake kallo. In ka soki dabbarsa sau uku, gobe ba ka ganin garkensa. Amma abin da ke damuna daban ne: tunda alƙalami na hannun malam kullum, mutane sun daina tambaya. Kowa na ɓoye abin da bai iya ba, kada a rage masa. Da ma a ware mana wata rana ba maki, mu yi ta gwadawa. Na faɗa wa shugaban aji, ya ce zai kai maganar, sai dai na san shi da sanyin jiki.

Mako mai zuwa lissafin maganin tsutsar ciki ne bisa nauyin dabba, kuma sikelin garken ya lalace, da igiyar awo za mu kewaye ƙirji mu ƙiyasta. Dole in ari ta wani kafin Lahadi.