Gasar keke a bayan layinmu, Agege

Wallahi yaran Agege sun iya keke. Jiya Lahadi muka jera tsofaffin tayoyi, bulo da katakai, suka yi ta tsallakawa ba tare da sa ƙafa ƙasa ba. Wannan wasan tsallake da keke, da ake kira 'trials', daga Kataloniya ta Sifaniya ya taso, kekunan da ake ƙerawa dominsa ma yawanci ba sirdi, mu dai da abin da ya samu muka yi.

Dokar ba wuya: ƙafa ta taɓa ƙasa, maki 1 a kanka, ka faɗi, 5. Mai ƙarancin maki ne gwani.

Inda aka samu cikas shi ne alƙali ɗaya tal, yana ta zirga-zirga, gardama ta kaure. Kowane sashe na filin tsallaken na bukatar alƙalinsa da takarda a hannu. Sannan haɗa ɗan shekara 10 da ƙato mai gemu ba adalci ba ne, ƙananan da yawa sun koma 'yan kallo. A raba rukuni, a sauƙaƙa musu hanya.

Gaba za mu fara da hantsi, mu tashi kafin azahar. 'Yan Idi-Araba da Obalende, ku zo da hular kwano, mai gyaran birki na nan.