Abin da shagon Alhaji ya koya min kan POO

Lokacin da muke karatu abin da ya zauna min a kai shi ne POO, wato tsarin rubuta manhaja da obje (ƙananan sassa masu riƙe da bayanansu da ayyukansu), gado ce kawai, kilas (zubin da ake fitar da obje da shi) uwa ta haifi ɗiya, ɗiya ta haifi jika, kuma duk wanda baya rubuta manhaja da yaren Java to wasa yake. Da wannan na fito, littafina cike da zanen UML, wato zanen tsarin manhaja.

Aikina na farko na gaske wajen wani Alhaji ne mai sarin kayan masarufi kusa da babbar kasuwar Maradi. Yana da tsohuwar manhaja da wani dattijo ya rubuta masa da WinDev, wani kayan rubuta manhaja, ni ko ina buɗe ta na ce a zubar a sake. Sati uku ina gina bishiyar kilas, Kaya a sama, ƙasanta Abinci, ƙasan Abinci Hatsi, sannan Shinkafa da Gero, kowace ta gaji uwarta har da yadda ake lissafin farashi.

Ranar gwaji wani mutumin Jibiya ya shigo da naira yana son rabin buhun shinkafa, wata mata kuma tiya biyu na gero take so bashi, Alhaji na faɗa min kuɗi da dala ni kuma injin sefa ya sani, dala ashirin sai na tsaya na buga 100. Nan na ga farashi ba na shinkafa ba ne ita kaɗai, ya danganta da wane ne mai saye, da wane kuɗi ya zo, da awo ko da buhu, yau nawa aka canza naira. Duk wannan na binne shi a kilas ta sama, in na taɓa ta don shinkafa sai lissafin mai da sukari ya karkace. Alhaji bai yi faɗa ba, ya dai ce "yaro, mutane na jira", ya jawo littafinsa na bashi.

Da dare na je wajen dattijon nan, wallahi da kunya na je. Ya zaunar da ni ya ce ɗana me ke canzawa kullum a shagon? Na ce canji da farashi. Ya ce to shi za ka ware wuri guda ka rufe, saura su tambaye shi kawai. A nashi aikin haka ya yi, tebur ɗaya na canji, wuri ɗaya na awo, ba wata bishiya.

Daga baya da na yi ta karatu na tarar Alan Kay, wanda ya raɗa wa tsarin suna kuma ya jagoranci yaren Smalltalk a cibiyar bincike ta Xerox PARC shekarun 1970, shi kansa aika saƙo tsakanin obje da ɓoye abin da ke cikinsu ya fi ɗauka da muhimmanci, ba gado ba. Yaren Go da Google ta fitar a 2009 ma babu gadon kilas a cikinsa sam.

Maganar yaren rubuta manhaja kuwa har yanzu tana min ciwo in na ji ƙannenmu na raina juna a kai. Facebook da PHP aka fara shi a 2004, Wikipedia har gobe PHP ce, zuciyar Linux da C aka rubuta ta, sabar WhatsApp Erlang. Java ba ta da laifi, tun 1995 take aiki kuma ina sonta. Amma a nan tambayar da ya kamata na yi ita ce wa zai gyara in na tafi Yamai, kuma tsohuwar kwamfutar shagon za ta iya ɗauka, ga wuta na zuwa tana tafiya.

Tawa manhajar na ajiye ta. Ta dattijon muka gyara tare, muka ƙara wurin buga kuɗi da dala, yanzu ɗan Alhaji ne ke shigar da canjin naira kowace safiya kafin a buɗe ƙofa.