Talata a Shara Mansur: allon da ke jan ƙafa

Da hantsi aka kawo wata tsohuwar kwamfuta shago daga wata makaranta ta nan Shara Mansur, Makka. Linux ke kanta, ram giga 4, allo 1366 da 768. Dattijon da ya ɗauko ta ya ce, "Ɗana, katin hoton ne ya gaji, a sa mata sabo." Na ce, "Baba, a yi haƙuri in leƙa cikinta tukuna."

Ka ja taga sai ta bar sawu a baya. Ka gangara da rubutu sai ka ga layuka na zanuwa daga sama zuwa ƙasa kamar ana shimfiɗa tabarma. Amma hoton tsaf yake, ba ɗige-ɗige, launi bai rikice ba. Kati mai ciwo ba haka yake yi ba. Wannan nauyin daga hanyar da furosesa ke zuba hoto cikin katin yake.

Ram na yau da kullum a kan tsarin write-back yake: furosesa ya ajiye abu a ƙaramar ma'ajiyarsa ta kusa, ya mayar daga baya. Adireshin na'urori kuwa kanel, wato zuciyar Linux, na ɗaukarsa uncachable idan direba, manhajar da ke sarrafa na'urar, bai nemi wani abu daban ba, wato kowane rubutu ya tafi shi kaɗai, bi da bi. Wannan tsantsenin daidai ne a gani na, domin umarni ga na'ura in ya makara ko ya sha gaban ɗan'uwansa, ɓarna ce. Sai dai wurin da ake zuba hoton allo ba ya buƙatar haka. Shi write-combining yake so, a tara rubutu har bayit 64 sannan a tura a dunƙule.

Lissafin ma ya isa hujja. Allon nan yana da ɗigo 1,049,088, kowanne bayit 4. In ɗigo ɗaya-ɗaya ake turawa, sawu sama da miliyan ke nan kafin a cika allo sau ɗaya. In an dunƙule, 65,568 ne kacal.

Hanya biyu ake bi a samu wannan tsarin. Tsohuwar ita ce MTRR, wasu gurabe cikin furosesa da ke faɗin tsarin kowane yankin ƙwaƙwalwa, wadda ta zo tun furosesan Pentium Pro. Gurbi takwas gare ta a wannan injin, kuma girman kowane yanki dole ya bi ninki biyu-biyu, kamar mega 64, 128, 256. Ta biyun PAT ce, wani jadawali cikin furosesa mai irin wannan aikin, daga Pentium III, wadda Linux ya fara aiki da ita a kanel 2.6.26 a 2008. Ita shafi-shafi take bi, kilobayit 4, ba ruwanta da ƙarancin gurbi.

Na fara da umarnin lspci -v mai jero na'urorin injin, ya nuna ƙwaƙwalwar katin a d0000000, mega 256, da alamar prefetchable. Sai cat /proc/mtrr: duk gurabe takwas ɗin BIOS, manhajar da ke tada injin, ya cinye su, ya shimfiɗa write-back mai faɗi sannan ya yi ta huda ramuka da uncachable. A dmesg, inda ake ganin saƙonnin kanel, ga saƙon "no more MTRRs available". Wannan kaɗai bai isa ya kawo matsala ba muddin PAT na aiki, shi ya sa na duba /proc/cmdline, inda ake ganin umarnin da aka ba kanel lokacin kunnawa. Nan na tarar da nopat, umarnin da ke kashe PAT. Wani ya taɓa sa shi, ƙila don maganin wata tsohuwar matsalar direba, aka manta da shi. An rufe sabuwar ƙofa, tsohuwar kuma ta cika.

Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Na buɗe /etc/default/grub, na goge nopat daga layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT, na yi update-grub, na sake kunnawa. A /sys/kernel/debug/x86/pat_memtype_list yankin katin ya fito da write-combining. Taga ta bi linzami sumul.

Yaron shagon ya tambaya, "Yaya, da mun rubuta yankin da hannu cikin /proc/mtrr fa?" Babu gurbi ai, kuma ko da akwai, duk inda yankuna biyu na MTRR suka hau juna kuma ɗaya uncachable ne, shi ke rinjaye. Injin da dole sai da MTRR, a gwada masa enable_mtrr_cleanup, kanel ya sake jera yankunan ko a samu sarari. Abin da na ja masa kunne a kai shi ne kada ya kuskura ya sa write-back a ƙwaƙwalwar kati don neman gudu: ɗigo za su maƙale a ma'ajiyar furosesa, allo ya riƙa nuna tsohon hoto gutsi-gutsi.

Baba ya dawo bayan La'asar da kuɗin kati a hannu. Na ce ya mayar wa makaranta, ya sayo mata batirin agogon ciki, CR2032, don na ciki ya yi sanyi.