Kafin ku fita ɗaukar hasken orora, ku ji yadda na yi asarar dare guda

Ƙannena, karatu ne ya kai ni Tromso, can arewacin Norway, garin da tun ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa kwata-kwata. Sanyin wurin kuwa, hunturunmu na Kano wasan yara ne. Toh a can na fara haukar ɗaukar orora, wannan koren hasken da ke rawa a sama idan ɓurɓushin da rana ke fesowa ya haɗu da iskar oksijin, kimanin kilomita 100 sama da kanmu.

Daren farko da na ce sai na yi fanorama, wato in ɗauki hotuna a jere in ɗinke su su zama ɗaya mai faɗi, na tafi tsibirin Kvaloya, na kafa kamara kan ƙafarta mai uku, na sa kowane hoto daƙiƙa 20 wai don haske ya shiga sosai. Hoto takwas fa. Ku lissafa, da juya kamara da jiran ta daina girgiza ai an haura minti uku, shi kuma hasken nan ba jiranka yake ba, kafin in kai hoto na huɗu zaren hasken da na fara da shi a hagu ya koma dama ya murɗe ya zama wani abu daban. Da na dawo ɗaki na zuba su a PTGui, manhajar ɗinke hotuna, duwatsun ƙasa sun haɗu tsaf, amma sama kamar an yi wa riga faci da atamfa kala-kala. Wallahi har na ji kamar in yi kuka.

Yanzu ina buɗe gilashin kamarar zuwa f/2.8, wato a buɗe sosai don haske ya shiga da yawa, in sa ISO (ƙarfin kama haske na kamara) a 3200, daƙiƙa 2 zuwa 5 kawai, in tsayar da kamarar a tsaye, hoto biyar ko shida, kowanne ya hau kan na baya da kamar kashi ɗaya cikin uku. Eh hoton zai ɗan yi tsakuwa-tsakuwa, amma wannan ana gyara shi, faci kuwa ba gyara. Kuma komai ku saita da hannu, kar ku bar wa kamara zaɓi, ni na bar mata saitin launi ta ba ni wani hoton kore wani kamar ruwan goro. Fokas ma ku nemi tauraro mai haske ku daidaita a kansa har ya zama ɗan ɗigo, sannan kar ku sake taɓawa.

Batir biyu na je da su, duka a jaka, sanyi ya cinye su kafin sha biyun dare. Ku sa su a aljihun ciki, jikinku ya ɗumama su. Kar ku hura wa gilashi baki, nan take zai daskare, ni na yi.

Sai ta ƙarshe, da na dawo na shige ɗaki mai hita da kamara a wuya, nan da nan ta jiƙe da gumi har cikin gilashin, kwana biyu ina ganin hazo a ciki. Yanzu tun a waje nake cire katin hotuna, in ƙulle kamarar a leda, in ajiye ta bakin ƙofa, sai na sha shayi na yi sallar asuba sannan in buɗe.