Gyaran akwatin jita: an iso kan soso

'Yan uwa masu koyo, aikin gyaran akwatin jita ya iso wajen cire tsohon soson da ke ciki. Kayan kiɗan da aka rufe shekaru a akwati, sau da yawa soson da aka sa don ya kare su shi ke ɓata su.

Galibin soson nan poliyuretan ne, ɗan uwan na katifa, kuma iri biyu ne. Na poliyesta laima ce ajalinsa: tana narkar da shi ya koma danƙo, yana fitar da asid mai cin ƙarfe. Na poliyeta kuwa iska da zafi da haske ke cinsa, sai ya yi rawaya ya marmashe. Ɗakin ajiya mai rufin kwano a tsakiyar damina ya haɗa zafin da laimar duka. Gwajin ba wuya: ku danna da yatsa. In bai taso ba, ko ya bar gari a hannu, ya mutu.

Garin yana shiga maɓallan ƙara sauti su riƙa ƙarar-ƙarar, tsirkiya ta yi tsatsa, tagulla ta yi kore. Danƙon ya fi muni, domin yana kama fentin sheƙi, musamman na naitiroselulos (naitiro a taƙaice) irin wanda kamfanin jita na Gibson ke shafawa, ya bar shatarsa a bayan jita.

Kada a fara da jiƙaƙƙen tsumma, zai dama garin ne ya shafe ko'ina. A sa buroshi mai laushi da injin zuƙe ƙura tukuna, da takunkumi a hanci. Sassan ƙarfe a goge su da sifirit a jikin auduga, amma kar sifirit ya taɓa fentin naitiro ko na shalak, wato fentin goge katako irin na Turawa, zai narkar da shi. A kan naitiro nafta ake sawa, wato irin man da ake zuba wa laita, kaɗan, bayan an gwada a wurin da ido ba ya gani. Asiton, wato abin goge fentin farce, kar a kai shi ko kusa.

Akwatin a kankare shi tas har ragowar gam, a bar shi a buɗe kwana 2 ko 3. Madadin tsohon soson shi ne soson poliyetilin mai rufaffun ƙofofi, irin Ethafoam ko Plastazote. Ya fi tauri, don haka a yanka shi daidai surar kayan, a lulluɓe da akoko da aka wanke ba sitati. Masu liƙa sabon yadi a kan ruɓaɓɓen soso ɓata gam kawai suke yi. In an yi amfani da gam mai wari, kada kaya su shiga sai warin ya fita sarai.

Laimar da ake so tsakanin kashi 40 zuwa 55 cikin 100 ce. Da damina a jefa ƙunshin silika mai shanye laima ciki, da hunturu a cire, kar katako ya tsage. A buɗe akwati duk wata 3 a sake danna soson.