Ɗan mahauci a kan sikeli

A gidanmu da ke wajen Ƙofar Marusa a Katsina nama ba abin marmari ba ne. Babana mahauci ne, kakana ma haka, kuma inda duk mahauta suke, nan dambe yake. Ina ɗan shekara goma sha shida aka fara naɗa mini kara a hannun dama. Dama ita ce mashi, hagu garkuwa. Ka miƙa ta gaba kana auna abokin karo, kana jiran ya ba da ƙofa. Turmi uku ne, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Na yi kisa ba ɗaya ba ba biyu ba, masu kalangu suka fara ambaton sunana, kaina kuwa ya kumbura.

Wani tsohon soja da ya yi boksin a bariki ne ya ja ni gefe wata rana da aka tashi wasa. Ya ce, "Yaro, damar nan taka kuɗi ce, amma rabin mutum ne kai." Na ji haushi har cikin raina. Kwana uku ina cin magani, ran na huɗu na je na same shi a wani kango kusa da filin wasa na Karkanda, inda ya rataya buhun yashi da dussar katako a iccen bedi.

Abin da ya fara yi shi ne ya ɗaure mini hannun dama ta baya da tsohon rawani. Wata uku cur hagu kaɗai nake jefawa, miƙaƙƙen naushin nan da 'yan boksin ke kira jab. Ran da ya kwance ni ya haɗa ni da wani siririn yaro da nake ganin da mari ɗaya zan kwantar da shi. Yaron nan ya yi ta caka mini hagu a hanci, caka, caka, ina ta wage dama ina dukan iska, har jini ya jiƙa mini singileti. Koci, wato tsohon sojan nan, yana gefe yana cin goro, ko uffan bai ce ba.

Daga baya ya ɗora ni a sikeli, ya duba, ya ce ni ɗan layit hebi ne. A wajen ƙwararru iyakar ajin fam 175 ne, kilo 79 ke nan da kusan giram 400. Ajin da ke sama da shi, kurusa, yana kaiwa fam 200, kilo 90 da ɗoriya, kuma mutanen can ƙashinsu ma ya fi nawa kauri. Ni kuwa idan na saki jiki kilo 85 nake. Wannan kilo biyar zuwa shida shi ne abokin gabar da na fi daɗewa ina fama da shi.

Lasisi a Legas na yi shi, wajen Hukumar Kula da Damben Boksin ta Najeriya, bayan likita ya duba ido da jini da bugun zuciya. Wasana na farko zagaye huɗu ne, kowanne minti uku, hutu minti ɗaya. Wanda bai taɓa shiga cikin igiyar nan ba zai ce minti uku ai ba komai. A gidan dambe kana iya tsayawa ku yi kallon-kallo, zare ya kwance a raba ku a gyara. A nan ba mai raba ka da kowa sai ƙararrawa, ga alƙalai uku a ƙasa suna rubuta maki, wanda ya ci zagaye a ba shi 10, ɗayan 9. Na ci wasan da maki, kuma hagun da nake rainawa ita ta ci mini shi.

Inda na ci ƙasa kuwa, babbar sallah ce ta jawo.

Na dawo gida hutu, ka san gidan mahauci da layya. Soyayyen nama cike da fanteka, ga kilishi, ga farfesun kai da safe. Inna ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ka rame kamar mai jinya. Wane irin aiki ne wannan da ake hana mutum abinci? Zauna ka ci." Wa zai yi wa Inna gardama? Ana cikin haka sai waya: akwai wasa zagaye takwas nan da kwana goma sha biyu, wani ya janye, ana neman madadi. Na je kwata na hau sikelin da ake auna nama, allura ta tsaya a 87. Koci ya ce in bari, wasa ba ya ƙarewa. Ni kuwa kuɗin da aka ambata sun riga sun shiga idona.

Na sa leda a jiki, na ɗora rigar sanyi biyu, ina gudu a hanyar Jibiya da rana tsaka. Abinci sai ƙwai biyu da kokwamba. Kwana biyun ƙarshe na daina shan ruwa gaba ɗaya, ina taunar cingam ina tofa yawu a gora, a haka na yi doguwar tafiyar nan ta mota har Legas. Fitsarina ya koma kamar baƙin shayi. Ran awo na hau sikeli daga ni sai gajeren wando, aka ce 79.3, na yi murna kamar na ci kambu.

Ana awo ne ana gobe wasa, to amma jikin da aka matse wa ruwa kwana da kwanaki ba ya farfaɗowa a dare ɗaya. Na sha ruwa, na ci tuwo, cikina ya cika amma ƙafafuna kamar auduga. Zagaye biyun farko na riƙe shi da jab. A na huɗu hannuna ya fara sauka da kansa. A na biyar ban ga abin da ya same ni ba. Na dai tsinci kaina ina kallon fitilun rufi, rafali yana ƙirga bakwai, ina neman robar haƙorina a ƙasa. An ce lanƙwasasshen naushin hagu ne. Mai shirya wasan ya zo da kuɗina a cikin ambulan, ya zare kuɗin masauki da na abincin da ban ci ba, ya miƙo mini abin da bai kai rabi ba. Ba takarda tsakaninmu, da baki muka yi magana, sai na haɗiye.

A mota muna dawowa Koci ya ba ni labarin Dick Tiger, ɗan Najeriyar da ya riƙe kambun duniya na wannan ajin. Asalinsa ɗan ajin ƙasa ne, ya hau sama ya doke José Torres da maki a Niyok a Disambar 1966, zagaye goma sha biyar, alhali bai ma cika nauyin ajin ba. Ya shiga da ƙarfinsa cikakke, bai bar shi a kan sikeli ba. Kambun ya kuɓuce masa a 1968, lokacin da dogon nan Bob Foster ya kwantar da shi a zagaye na huɗu. "Ka san da wane hannu?" in ji Koci. Na yi shiru. Ya ce, "Hagu."

Daga nan ban sake barin nauyina ya wuce 82 ba, sallah ko ba sallah. Na sayi ƙaramin sikeli na ajiye ƙarƙashin gado. Wasan da aka kira ni ƙasa da mako shida ban karɓa, kuma sai an rubuta kuɗi a takarda na sa hannu. Na ƙara 'yan shekaru ina yi, na ci wasu, an ci ni wasu, ban taɓa barin teburin nama ba don boksin ɗin gida ba ya riƙe iyali. Da idona na dama ya fara ganin abu biyu-biyu bayan wani wasa, uwargida ta ɓoye safar damben, ni ma ban neme ta ba.

A Fabrairun 2025 da Dmitry Bivol ya rama wa kansa a kan Artur Beterbiev a Riyad, na kai wa Baba wayata a zaure muka kalla tare. Ina ta nuna masa yadda Bivol ke shiga da hagu ya fita. Tsoho ya kalla har ƙarshe, ya miƙo mini wayar.

"Turmi goma sha biyu ba kisa?" ya ce. "A maida wa mutane kuɗinsu."