TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 14: Garin Makafi

Assalamu alaikum jama'a. Wancan satin mun tsaya inda na sauka Istanbul da kuɗin filin gadona a jaka, ko gaisuwa ban iya da Turkanci ba.

Kwana uku ina zarya a Laleli unguwar 'yan sari, abaya, takalma, kayan yara, ƙafata har ta kumbura. Rana ta huɗu ɗan yayata da ke karatu a can yace Anti yau kam ba ciniki sai kin ga gari. Muka hau jirgin ruwa zuwa Kadikoy ɓangaren Asiya, ina riƙe da ƙarfe ina ta salati shi ko sai zuba yake.

Wai Girkawa ne daga wani gari Megara suka fara zama nan Kadikoy, bayan shekara 17 'yan uwansu suka zo suka kama tsallaken, wato ɓangaren Turai, suka sa mishi Bizantiyon, sama da shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da wani kwamandan Farisa ya ji labarin sai yace ai na farkon makafi ne, ga wuri mai kyau a gabansu suka bari. Nan fa na saki ƙarfen na juyo na kalli tsallaken da idon 'yar kasuwa, wlh gaskiyar mutumin, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku ga mashigar da jirage ke fakewa, kuma duk jirgin da ya ɗauko hatsi daga Bahar Aswad dole ta ƙofarsu zai bi. Shagon bakin titi kenan, su kuma suka je suka kama na lungu.

Shiyasa a shekara ta 330 bayan haihuwar Annabi Isa (AS) sarkin Rumawa Kustantin ya mai da Bizantiyon babban birninsa, sunan ya koma Kustantiniyya. Wani dogon ginshiƙi duk ɗaure da zobban ƙarfe da nake wucewa a taragon cikin gari a Cemberlitas, ni na ɗauka bututun hayaƙin wani tsohon kamfani ne, ashe Kustantin ɗin ne ya kafa shi. Sama da shekara dubu garin yana hannun Rumawa sai 1453 Sultan Muhammad Alfatih ya ci garin yana ɗan shekara 21. Ashe Santambul ɗin da kakata ke ambata in tana zuzuta sarauta nan ne.

Muna sauka wayata tayi ƙara, mai kago ne, wai kwali biyu cikin kayana ba a gansu ba. Yadda muka kwashe da shi sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.